Harbotil na Kwanyawa

A Kwanyawa ta ƙasar Karaye, gida ɗaya tak ke amsa sunan Harbotil, kuma Malam Badamasi ne mai gidan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗinki a kasuwar Karaye, ƙarƙashin allon da aka rubuta sunan da jan fenti, da irin tsararren rubutun da aka daina koyarwa. Duk wanda ya kai ɗinkin riga sai ya dawo da tarihi kyauta: wai kakansa Iro aminin wani Bature ne mai sayen gyaɗa, tare suke shan shayi, har Baturen ya bar masa sunansa gado. Ranar da kasuwa ta cika ma, sai ya ce jininsu ɗaya.

Bara 'yarsa Munawwara ta sami gurbi a makarantar koyon jinya, aka ce ta kawo takardar shaidar asali nan da Juma'a. Da suka je ofishin ƙaramar hukuma, akawu ya dubi sunan, ya dubi Badamasi.

"Baba, Turawa ba nan suke karɓar takarda ba. Nemo dattijon da zai faɗi asalinku gaban mai gari."

Cikin dattawan gidan ba wanda ya rage sai Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ba ta san rufa-rufa ba. Aka ɗauko ta a babur ranar Alhamis zuwa gaban mai gari, ya tambaye ta labarin aminin Baturen.

"Amini?" in ji ta. "Ranka ya daɗe, babanmu Iro jakunan Baturen yake korawa. Iro uku ne a wurin awon gyaɗa, shi ya sa ake ce masa Iro na Harbotil. Da aka kai yayana makaranta, malam ya rubuta haka nan. Shayi kuwa, butar yake wankewa."

"Gwaggo, a taƙaita," in ji Badamasi.

"Kai ɗan nan, ba asali aka tambaya ba?"

Mai gari ya tambaye shi ko ya yarda. Badamasi ya dubi jama'a, rabinsu sanye da ɗinkinsa da tarihinsa. Ya dubi Munawwara. Ya ce haka ne.

Takarda ta fito da hantsin Juma'a. Daga baya yarinyar ta bincika a waya, ta gano Harbotil sunan wani ɗan ƙauye ne a arewacin Ingila. Ashe shi ma Baturen sunan ƙauyensu aka liƙa masa.

Allon yana nan. Sai dai yanzu in ka kai riga, riga kawai za ka karɓo.