Neman Sa Hannun Malam Bawa

Litinin: Sakkwato zuwa Kalgo

Ƙarfe biyar saura kwata na fita daga gida da akwati a ka, ana kiran assalatu. A aljihuna akwai takardar Baturen likitan da ke koyar da mu. Abin da ke cikinta gajere ne: in yi mako uku a hannun Malam Bawa, wani dattijo, malamin asibitin Kalgo. In ya gamsu cewa za a iya barina ni kaɗai da marar lafiya, ya sa hannu. In bai sa ba, in maimaita shekara. Ni kuwa a lokacin kaina ya cika da littafi, gani nake ba abin da wani tsoho zai ƙara mini.

Motar katako muka shiga, sule bakwai, ba ta tashi ba sai bakwai da rabi. Bayan Tambuwal ruwa ya sauko, ɗan doka ya sauke shinge. Na ce, "Yaushe za a buɗe?" Ya ce, "Sai hanya ta sha iska, malam." Awa huɗu tana shan iskar, mu muna shan furar kwabo.

Biyar da rabi na sauka Kalgo, na tarar da asibitin, ɗaki biyu, a kulle. Wani mai ƙyafaffen kifi ya ce mini, "Malam Bawa? Ai ya bi kasuwa." Na ce wace kasuwa? Ya ce, "Wadda ka ci gobe." Ban gane komai ba. A zauren mai unguwa na kwana, bayan tuwon shinkafa da miyar kifi.

Talata da Laraba: Gwandu da Dodoru

Da safe mai unguwa ya warware mini. Da damina manomi ba ya barin gona sai ranar kasuwa, saboda haka Malam Bawa ya daina zaman jira. Akwatin magani yake ɗaurawa a keke, ya bi kasuwanni har ƙasar Gwandu. Na sake hawa mota, na isa Gwandu ƙarfe uku, aka ce da hantsi ya bar gari. Wani ya rantse Dodoru ya nufa, wani ya rantse Malisa, kuma dukansu dattawa ne. Washegari na ari keke wurin wani malamin makaranta, na zaɓi Dodoru. Awa biyu ina fama da taɓo, na iske rumfuna wayam, sai awaki. Ranar na zauna a bakin hanya, na rasa ko gabas zan yi ko yamma, har na fara tunanin ko mutumin nan babu shi.

Alhamis: Malisa

Akwai shi. Ƙarfe goma na same shi a gindin tsamiya, ɗan siriri, mutane sun kewaye shi. Na miƙa takarda, ya ninke ta ya cusa cikin hula ko karantawa bai yi ba. Ya ce, "Wanke hannu ka zamna."

Haka muka yi ta yawo kasuwa zuwa kasuwa. Ina wanke gyambo, ina yin allura, shi yana gefe yana cin goro. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, bai taɓa cewa na yi kuskure ba. Wannan shirun ya fi faɗa damuna.

Mako na biyu muka dawo Malisa. Wata tsohuwa ta kawo yaro ɗan shekara uku, jikinsa zafi rau. Na tambayi inda uwarsa take, tsohuwar ta nuna mini da baki wata matashiya da ke tsaye nesa, ta juya mana baya. Na ɗaga murya na ce, "Ke ce uwarsa? Yaushe ya fara?" Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Raina ya ɓaci. Na ce wace irin uwa ce wannan, ɗanta na ƙonewa tana kallon kasuwa? Ta yi gaba abinta. Na ba tsohuwar ƙwayoyin kwinin, na yi mata bayani sau ɗaya, ta gyaɗa kai, suka tafi.

Sai a lokacin Malam Bawa ya tofar da goro.

"Wa kab ba maganin ga?"

"Kakarsa, Malam."

"Wa ka ba shi shi sha?"

Na waiwaya inda tsohuwar ta bi. Ya girgiza kai.

"Ɗan hwarinta na. Ba ta iya duban shi gaban uwar mijinta, bale ta amsa ma baƙo. Amma in an shiga ɗaki ita ka riƙe da shi. Da ka bar ta inda take, da ta ji komi. Kai ka kore ta. Tsohuwar ga kuwa kahin ta kai gida ta mance. Ko ta ɗura mishi duka, ko ta aje cikin ƙwarya." Ya taɓa hularsa. "Ga keke can."

Mil biyu ne zuwa ƙauyensu, rabi turawa na yi. Na yi sallama, tsohuwar ta fito. Daga bayan zana ana daka. Na fuskanci zanan, na buɗe murya kamar mai shela: rabin ƙwaya da safe, rabi da marece, a niƙa a ruwa, kwana biyar, a riƙa shafa masa ruwan sanyi. Sau uku na faɗa. Tsohuwar ta ce, "Ɗana, ni ba kurma nike ba." Ni kaina ban san ko hauka nake yi ko aiki ba. Sai dakan ya tsaya. Wata murya ta ce a hankali, ba da kowa take ba, "Rabi da sahe, rabi da marece."

Kasuwar da ta zagayo yaron ya zo da ƙafarsa, yana gwaguyar rake. Malam Bawa ya ciro takardar daga hula, duk ta yi maiƙo, ya sa hannu a kan gwiwarsa, ya ce in gai da gida.

Asabar: komawa

Shida na safe na bar Gwandu, ba ruwa ba shinge, na sauka Sakkwato da la'asar. Na gode Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malam Bawa da duk wanda ya ba ni tabarma a hanya.

Ƙannena suka yo kaina da murna. Inna tana bakin ɗaki tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce wa ƙanwata, "A ba wancan ruwa." Ni ne ɗan farinta. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma na daɗe ina riƙe da abin a raina. Na zauna a tsakar gida, na fuskanci ƙanwata, na fara ba ta labarin tun daga shingen Tambuwal, da murya sama. Ban kai Kalgo ba hannun Inna ya tsaya cikin faifai, bai ƙara motsi ba har na gama.