Takalman da Ba Su Jiƙe Ba

Akwai ƙarar da har yau ba na iya zama in saurara, ita ce ta igiya tana gogar bakin rijiya. A gidan da nake zaune yanzu a Gusau, in yara za su ja ruwa sai in ɗauki buzuna in koma zaure. Su a ganinsu rigimar tsufa ce. Bari in gaya maka abin da ban gaya musu ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bungudu, ba nisa da Nahuce. Bayan gonakinmu akwai tsofaffin ramuka da aka bari tun zamanin Turawa. In damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, maza kan shiga su faso dutse, mata su daka su wanke, ko Allah zai sa a ga ɗan ƙyallin zinariya. Bakin ramin kullum yana fitar da wani sanyi mai warin laka, kamar numfashin dabbar da ke barci. Tsuntsaye ma ba su cika sauka a wurin ba.

Kakana ne mai tsaron baki. Da ƙuruciyarsa haƙar rijiya ya yi, ya san halin ƙasa. Bai yarda a shiga ramin da ke da baki ɗaya ba, shi ya sa ya matsa aka buɗe wata ƙaramar mafita can sama a gefen tudu, wadda yake kira ƙofar gafiya. Ba mai bi ta nan, an jera mata itatuwa don kada awaki su faɗa. A jikin wata bishiyar marke kuma ya rataye tsohuwar garma. In ya buga ta, ko me kake riƙe da shi ka yar ka fito. Amma abin da ya fi tsanantawa a kai shi ne takalma. Duk mai shiga zai cire nasa ya ajiye a kan wani falalen dutse kusa da baki.

"Takalmi shi ne mutum," haka yake cewa. "In yana bisa dutse, mai shi yana ƙasa. Ko uwar mai shi ba ta taɓa shi."

Ni aikina kai fura da rana. A cikin masu shiga akwai kawuna, ƙanin Inna, mutum mai barkwanci wanda kunnensa ɗaya ya mutu tun yana yaro. Lungun da ya fi kowane nisa yake so. In ya gan ni sai ya ce, "Ango, yau ma ka sha rabi a hanya? Kada ka rantse, ga shaida nan a haɓarka."

Ranar da abin ya faru, bayan azahar aka fara yayyafi. Kakana ya hau tudu ya duba ƙoramar da ke gangarowa wajen ramin. Ni kuwa na dubi takalman nan na fata suna jiƙewa, na tuna yadda fata ke ƙandarewa in ta sha ruwa. Na ce bari in yi abin kirki. Na kwashe su duka na zuba a kwandon da na kawo fura, na rufe da faifai, na fake gindin marke.

Ba a jima ba sai ga kakana da gudu, ya hau dukan garma. Sai a lokacin na tuna dokarsa. Na ruga na juye kwandon a kan dutsen kafin ya waiwayo. Mutane suka riƙa fitowa, laka har ido, kowa ya fizgi nasa ya yi gida, ruwa na dukan baya. Kakana ya dubi dutsen ya ga wayam. Ya leƙa ya ƙwala kira, ba amsa. Ya ce a janye igiyar da ake sauka da ita, a rufe bakin da itace da asabari.

Sai da na isa gida na ga takalman kawu a gindin kwando, maɗaurinsu ya sarƙe a saƙar.

A nan laifina yake. Kwashe takalma wautar yaro ce, Allah ma ya sani. Amma na gan su, na gane su, na cusa su cikin rigata na zauna a ɗakin Inna na yi shiru. Na riƙa gaya wa kaina ai ya fito ya tafi ba takalmi. Bulala nake tsoro. Ruwa na zuba, ina jin fatar takalmin da ɗumi a cikina kamar abu mai rai.

Da la'asar sakaliya ruwa ya ɗauke. Inna ta ce, "Wai ina kawunka? Bai biyo ya sha kunu ba." Aka aika gidansu, aka ce bai dawo ba. Kafin maza su gama fitowa, na bi ta cikin dawa na riga su, na ajiye takalman a kan dutsen.

Babban bakin ya cika da jan ruwa, ya kwanta lumui, ko motsi ba ya yi. Aka tsaya cirko-cirko. Sai kakana ya ce kowa ya yi shiru. Daga can saman tudu muka ji wani abu, ƙwas, ƙwas, a hankali, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga cikin kabari. Aka kwashe itatuwan ƙofar gafiya, aka zura igiya. Da aka janyo shi, fatarsa ta yi fari fat, haƙoransa na haɗuwa, ruwa ya kai masa wuya tun tuni. Dutse yake riƙe da shi, sai da aka ɓamɓare yatsunsa.

Wani ya nuna falalen dutsen ya ce, "Ga takalminsa nan fa, Baba. Ashe ba ka gani ba?"

Kakana ya duƙa ya ɗauka. Ya shafa su da babban yatsa, ciki da baya. Komai na wurin sharkaf yake, su kuwa a bushe. Ya ɗago ya dube ni, kallon da bai fi ƙiftawar ido ba. Sannan ya ce, "Idona ne. Tsufa ya zo."

Daga ranar bai sake tsaron baki ba. Mutanen da a da ke rusuna masa suka koma cewa tsoho ya kusa kashe musu ɗan'uwa. Kawu kuwa sanyi ya kama masa ƙirji, bai ga girbin gero ba. Yana kwance ya taɓa ce wa Inna garmar bai ji ta ba, amma da ya rarrafo gindin ramin ya ji igiya tana tafiya sama, tana gogar baki, har ta ƙare. In barci ya ɗauke shi sai ka ga hannunsa ya miƙe sama yana laluben iska. Har ya rasu Ango yake kirana. Kakana ma ya bi shi bayan 'yan shekaru, bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban buɗe baki na wanke shi ba. Sai yau.

Yanzu jikana yana zuwa haƙa wajen Tsafe in hanya ta yi lafiya. Ramukansu sun ninka namu zurfi, da injin jan ruwa da fitila a goshi. Na tambaye shi ko suna da ƙofar gafiya, ya ce wa zai ɓata ƙarfinsa a ramin da ba zinariya. Na ce to wa ya san wanda ke ƙasa? Ya yi dariya ya ce, "Kaka, da takalmanmu muke shiga."

Na roƙe shi abu ɗaya, ya yi mini don ya rabu da ni. Duk ranar da zai tafi, yana barin tsofaffin silifas ɗinsa a bakin zaurena, in ya dawo ya ɗauke da hannunsa. Na san ba za su janyo shi daga rami ba. Amma in magariba ta yi suna nan, akwai wanda zai tashi ya yi ihu, ba zai jira a tambaye shi ba.

Jiya hadari ya haɗo, uwar jikan nawa ta fito da sauri za ta shigar da silifas ɗin ciki. Na ce, "Bar su nan. Su jiƙe."