Anti Jar Biro, Uwar Ɗaliban Koyon Aiki

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa, kafin mai shara ya gama goge matakalar bene. Ta rataye jakarta a bayan ƙofa, ta jona butar shayi, ta baje jaridun ranar a tebur tana bin su shafi-shafi da almakashi a hannu. Duk inda aka ambaci kamfanin, yabo ne ko zagi, sai ta yanke ta manna a fayil. Haka ta yi shekara talatin da ɗaya a sashen hulɗa da jama'a na wani kamfanin motocin safa. A takarda sakatariya ce. A bakin ma'aikata kuwa Anti Jar Biro, don babu wasiƙar da ke fita daga ofishin nan ba ta sha jan tawada ba, har ta Manaja. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Duk shekara makarantu kan turo ɗalibai su yi wata shida suna koyon aiki. Kowa ya san yadda abin yake a wurare da yawa: a ba ka kujera a lungu, a aike ka sayo ruwan sanyi, ranar ƙarshe a sa maka hannu a littafi, ka tafi kamar yadda ka zo. Anti ba ta yarda da wannan ba. Tun ranar farko take zaunar da ɗalibi gaban wayar koke-koke.

"Wanda aka mance da kayansa a tasha ba dogon bayani yake so ba," in ji ta. "Bar shi ya zazzage fushinsa tas, sannan ka tambayi sunansa. Kuma ka rubuta. Kan nan naka ba fayil ba ne."

In ta ga ɗalibi ya lafe yana latsa waya, sai ta leƙo ta saman tabarau: "Ɗana, hutu aka turo ka? Tashi ka bi Manaja taro, ka riƙe masa jaka, ka buɗe kunne."

Labarin da aka fi ba da shi a kanta shi ne na wata ɗaliba da ake kira 'Yar Shiru, don sai ta wuni ba a ji muryarta ba. Kamfanin zai ƙaddamar da sababbin motoci goma ranar Alhamis, Anti ta ba yarinyar aikin rubuta takardar gayyata ga 'yan jarida. Ta rubuta, aka aika wa mutum ashirin da bakwai. Sai ranar Talata da safe Manaja ya faɗo ofis da takardar a hannu.

"Wa ya rubuta Laraba? Motocin ma sai Laraba da yamma za su iso! Gobe 'yan jarida su zo su ɗauki hoton fili?"

Yarinyar ta miƙe. Manaja ya ce ta tattara nata ya nata, kuma ba zai sa hannu a littafinta ba. In babu wannan sa hannu kuwa, sai ta maimaita shekara.

Anti ta san takardar ta bi ta teburinta. Tana iya yin shiru, babu mai tambayarta. Sai ta ajiye kofin shayinta.

"Ranka ya daɗe, ni na duba takardar. Na gyara waƙafi huɗu, ban lura da ranar ba. In kora ce, mu biyu za mu sauka benen nan. In gyara ne, ka ba mu zuwa azahar."

Manaja ya yi ƙwafa ya fita. Anti ta turo wa yarinyar waya da jerin lambobi.

"Anti, don Allah ke ki kira su. Ni ban iya ba."

"Ni na iya, 'yata, shi ya sa ba zan kira ba. Ki gaishe su, ki ce mun yi kuskure, ki faɗi ranar gaskiya. Ba kuka, ba kame-kame."

Kiran farko da kyar aka ji me ta ce. A na goma muryar ta fara zama. A na ashirin har tana tsokanar wani mai gabatar da shiri a rediyo, Anti na gefe tana ƙunshe dariya. Kafin azahar an samu ashirin da shida. Saura wani tsohon ɗan jarida mai faɗan tsiya, wanda wayarsa ke kashe.

Laraba da hantsi sai ga shi a bakin ƙofa da kyamara a wuya. Anti ta leƙa ta taga ta gan shi, ta dafa kafaɗar yarinyar.

"Baƙonki ne. Kada ki bari ya koma hannu rabbana."

'Yar Shiru ta sauka ta ba shi haƙuri, sannan ta ce tunda ya riga ya zo, ko zai so ya ga mutanen da ke duba birkin kowace mota kafin ta ɗauki fasinja? Ta kai shi gareji. Tsoho ya shafe awa biyu cikin baƙin mai yana hira da makanikai. Labarin da ya buga shafi guda ya cinye, ya fi na bikin motocin tsawo. Manaja ya sa hannu a littafin yana ƙunƙuni, wai dama shi ya san yarinyar za ta yi abin kirki. Yau ita ce kakakin wani babban asibiti, kuma masu aiki da ita sun ce samun damar sa baki in tana magana sai an yi da gaske.

Anti, ke ce uwar da ba ta raina ɗan wani. Ke ce kika mayar da wata shida na zaman banza ya zama sana'ar da ake ci da iyali. Ba a taɓa buga sunanki a ƙasan sanarwa ba, ba a taɓa miƙo miki makirufo ba, amma ɗalibai sama da ɗari sun bi ta gaban teburinki, kuma babu wanda ya fita bai iya ba da haƙuri da bakinsa ba.

Mun gode, Anti. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi cikin jikoki, Ya ƙara lafiya.

Ku kuma ɗaliban da za a tura bana, kada ku jira a kira ku. Ku nemi aiki, ku yi tambaya, in kun ɓata ku tsaya ku gyara. Manyan ofis, akwai wani yaro ko yarinya a lungunku yanzu haka, ya yi sati uku ba wanda ya tambaye shi me ya iya. Gobe da safe ku jawo masa kujera kusa da taku.