Fasfo Ɗaya, Kamfani Biyu

Litinin: Xiaobei zuwa Pazhou

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na fito daga ɗakina da ke unguwar Xiaobei, bayan titin Huanshi Lu. Saura kwana tara izinin zamana a birnin Guangzhou na China ya ƙare. Shekarata biyu ina tafinta a kamfanin lodin kaya na Alhaji Isa, mutumin Kumasi, wanda ya ɗauke ni aiki ina gama karatu. Ya riga ya tura takardar sabunta min izinin aiki. Ni kuma, ba da saninsa ba, na bar wani kamfanin fitilun sola ya tura tasa. Lissafina, duk wadda ta riga fitowa ita ce rabona.

Na shiga jirgin ƙasa na farko, na biya yuwan huɗu, kuɗin China, na sauka kusa da ofishin da ke ba baƙi izinin aiki. Ni ne na uku a layi. Da aka buɗe, ma'aikaciyar ta buga lambar fasfona, ta juyo min da fuskar kwamfuta.

"Mutum ɗaya, kamfani biyu," in ji ta. "Duka sun tsaya. Sai ɗaya ya janye, ya ba ka takardar sallama."

"Babu wata hanya?"

"Meyo," ta ce, wato babu.

Daga nan zuwa Pazhou, inda kamfanin fitilun yake, minti arba'in ne, da canjin jirgi biyu. Madam Lin, mai kamfanin fitilun, ta saurare ni tana zuba shayi. Tana son mai jin Hausa kafin baje kolin da 'yan Kano ke cikawa.

"Kawo hatimin maigidanka zuwa Laraba," ta ce. "In ta wuce, lokaci ba zai isa ba. Sai ka koma ƙasarku, ka shigo da sabuwar biza."

Talata da Laraba

Daga Xiaobei zuwa babbar tashar jirgi zango ɗaya ne, sai tafiyar minti goma a ƙasa zuwa ofishinmu a titin Guangyuan Xilu, tsakanin masu tura dilolin tufafi. Ranar Talata na kai har ƙofar ofishinmu, na ji muryar Alhaji yana waya, na juya. Na ci taliya da naman sa a wurin wasu Musulmin China, yuwan sha biyar, na koma ɗaki.

Laraba na shiga da niyyar magana. Aka ce ya tafi birnin Yiwu duba kaya, sai Juma'a.

Juma'a: Guangyuan Xilu

Bayan an sauko masallaci na sami Alhaji yana cin shinkafa da wake a kan tebur. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi komai, ban rage ba. Bai ɗago ba sai da ya gama tauna.

"Kwana goma da sakatariyata ta gani a kwamfuta," ya ce. "Ina jira in ji daga bakinka."

"Kunya na ji, Baba Alhaji."

"Neman gaba ba abin kunya ba ne. Ni ma wani na bari na zo nan. Da ka tambaya, da tun watan jiya na sallame ka."

Ya jawo durowa. Takardar sallamar tana ciki a rubuce, hatimi kawai ya rage. Ya buga, ya miƙo min, ya ci gaba da cin abincinsa.

Guangzhou zuwa Kano

Madam Lin ta karɓi takardar, ta ce za ta sake turawa daga farko, amma ba ta yi alkawarin ajiye min kujera har bayan baje koli ba. Ran Litinin Alhaji ya kai ni filin jirgi da motarsa, tafiyar minti hamsin. Hirar tsadar kwantena muka yi, ba mu taɓa waccan maganar ba. Jami'in shige da fice ya duba kwanan wata, ya ce saura kwana biyu, ya buga.

Awa goma sha ɗaya zuwa Addis Ababa, jiran awa uku, sannan Kano da azahar. A Gwammaja, Hajiyarmu ta dubi akwatunana biyu.

"Hutu suka ba ka?"

"Canjin aiki ne, Hajiya."

"Ina sabon?"

"Yana hanya."

Yau sati na uku ke nan ina duba waya, ina jiran saƙon Madam Lin. Na gode wa Allah da ya sauke ni lafiya, na kuma gode wa Alhaji Isa, wanda jiya ya kira yana tambaya ko takardar sabon aikin ta fito.