Kifin Linus Mai Gilashi

Duk wanda ya tashi a Tudun Wada ya san Linus Mai Gilashi, domin rabin tagogin unguwar shi ya yanka musu gilashi. Yana ɗan shekara goma sha uku kawunsa ya kawo shi Zariya daga wani ƙauye kusa da Enugu don ya koyi sana'a. Kawun ya koma, shi ya zauna, har Hausa ta fi yaren gidansu zama a bakinsa. In ya je gida Kirsimeti, Bahaushe 'yan'uwansa suke ce masa, kuma ba yabo ba ne.

Yanzu ya haura sittin da biyar. Hannu ya fara rawa, masu tagar alminiyom sun kwashe kasuwa. Matarsa Chinwe ta rasu shekara uku da suka wuce, aka kai ta gida aka binne. Alhaji Nagoda, maƙwabcin da suka yi shekara talatin suna shan shayi tare a ƙofar shago, shi ma ya bi, magada suka zuba ɗalibai 'yan haya a gidan. 'Yar Linus tilo, Oge, tana aure a Enugu, kuma duk Lahadi bayan coci sai ta kira da magana ɗaya: ta gyara masa ɗaki, ya tattara ya taho.

Shi kuwa kullum da uzurinsa, yau aikin da bai gama ba, gobe wanda ya yi wa alkawari. Ƙarya yake yi, ita ma ta sani. Tsoro yake ji ya je inda za a ajiye shi kamar tsohon akwati, ba mai nemansa da komai sai a miƙo masa abinci. A nan ma kaɗaici na cinsa, amma yana gaya wa kansa har yanzu ana buƙatarsa a Tudun Wada.

Da uzuri ya ƙare masa, sai ya haɗa guntayen gilashin da suka rage ya yi akwatin kifi, bai fi kwalin taliya girma ba. Ya cika shi da ruwan rijiya, ya hau keke zuwa unguwar Kongo, wurin wata Bahijja da ta karanta kiwon kifi, take sayar da na ado a barandar gidansu. Ya gwada mata girman akwatin da hannu.

"Baba, naka ƙarami ne," in ji ta. "Kar ka ɗauki mai ruwan gwal ɗin nan, girma yake yi, ga ɓata ruwa. Tarwada kuwa ko kusa, cinye sauran za ta yi. Sannan ga halin wutar nan tamu, duk mai buƙatar injin iska ka bar shi."

"To, 'yata, wanne ne ba ya iya kwana biyu in mai shi ba ya nan?"

Bahijja ta ɗago ta dube shi. Shekara huɗu tana wannan sana'a, kowa tambayarsa wanne ne ba shi da wahala, yau ga mai neman wahalar da kansa. Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta sa raga ta kamo wasu ƙanana masu jela kala-kala da ake kira gofi, ta nuna masa guda mai ƙaton ciki.

"Wannan ta kusa haihuwa. In ta haihu ka raba ta da 'ya'yan, don cinye su take yi. Kuma sau uku a rana za ka riƙa marmasa musu abinci."

Linus ya dawo gida kamar an ba shi kwangilar gwamnati. Ya yanka siririn gilashi ya raba akwatin biyu, kuma ranar hannunsa bai yi rawa ba. Bayan mako guda aka haihu, 'ya'ya sha huɗu, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya samu abin tashi da safe. Har hira yake musu da Hausa, yana yi wa uwar faɗa a kan kwaɗayi.

Ran Lahadi Oge ta kira, ya ba ta sabon uzuri da ƙarfinsa.

"Kifi, Papa?" ta ce. "Saboda kifi?"

Daga nan ta ce Allah ya raya su. Abin ya tsaya masa a rai, amma bai janye ba.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kayar da shi. Kwana uku yana kwance a ƙuryar ɗaki, ruwan sha ma da rarrafe yake kaiwa gare shi. 'Yan hayan maƙwabta ba mugaye ba ne, sun dai saba ganin ƙofarsa a rufe. Ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Rana ta huɗu ya dafa bango ya fito falo, ya riga ya shirya ganin gawarwaki a saman ruwa. Ya ƙirga. Sha huɗu cif, ga uwar, ga sauran, suna ta yawonsu suna tsinkar gansakukar jikin gilashi. Ko ramewa ba su yi ba. Ya kamata ya yi murna, sai ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba tun jana'izar Chinwe.

Da ƙafa ta yi ƙwari ya koma Kongo. Bahijja ta ga yadda ya faɗa, ta jawo masa kujera, ta tambaya ko kifin ne suka mutu.

"Suna nan ƙalau," ya ce. "Tambaya na zo yi, 'yata. A cikinsu wanne ne zai jure yini guda a leda, a cikin mota, daga nan zuwa Enugu?"