Abar Misalin Baba Zamani

Baba Zamani ya yi shekara talatin da ɗaya a ƙananan asibitocin ƙauye yana wanke gyambo yana miƙa magani. Bai taɓa zama likita ba, bai kuma taɓa hana kowa kiransa likita ba. Da ya yi ritaya sai ya kafa tebur a gindin darbejiya a unguwar Sauka Kahuta da ke Minna, da injin awon jini da sikelin awon nauyi. Abokin gabansa ɗaya ne, hawan jini. A wurinsa lamba in ta hau sharri ce, in ta sauka alheri ce, kuma wannan ilimin ya daɗe yana isarsa, domin a unguwarmu ta kowa hawa take yi. Ni ma duk Asabar nakan je in sha faɗa a kan gishiri.

Christiana malamar nazare ce, 'yar ƙasarsu Baba daga Kudancin Kaduna, tana zaune wurin yayarta Liyatu. Da farko sau ɗaya a mako take hawa sikelin, daga baya kullum in ta taso daga makaranta. Baba ya ɗauka kula da lafiya ce. Yakan ɗaura mata injin, ya juyo da shi wajenmu masu tumbi, ya kira ni.

"Malam Kudu, zo ka ga jini. Zuciya arba'in da shida a minti, kamar ta ɗan tsere. Kai taka sai ka ce injin niƙa."

"Baba likita, ita ai ba ta da 'ya'ya uku a jami'a."

"Ba ta cin ganda dai. Ci gaba da abin da kike yi, 'yata."

Ta ci gaba. Abin da take yi kuwa shi ne ƙin cin abinci. A gida ta ce ta ci a makaranta, a makaranta ta ce azumi take. A watan Maris, lokacin da Minna ke dafa mutum da ransa, Christiana da rigar sanyi take yawo. Mu muna jiƙe sharkaf, goshinta a bushe. Baba da bakinsa ya ce hannunta kamar an ciro shi daga firji, ya yi dariya, ya ƙara naɗe ɗamarar injin a damtsenta don ta yi mata yawa. Duk mun gani. Mun yaba natsuwarta.

Wata Asabar ta miƙe daga benci bayan awo, ta yi taku biyu, ta zube. Ni da Baba muka saka ta a keke napep zuwa asibiti.

Likitar da ta karɓe ta ta yi mana bayani a tsaye. Ta ce akwai jijiyoyin da ke tafiyar da jiki ba da saninmu ba. Su ke saita bugun zuciya, su matse hanyoyin jini in mutum ya miƙe don jini ya kai ƙwaƙwalwa, su kawo gumi, su motsa hanji. In jiki ya daɗe cikin yunwa sai su rage komai, kamar gidan da ake tattalin man janareta. Ba ƙarfi ne ya sa zuciyar tafiya a hankali ba. Ciwon sunansa anoreksiya, yana sa mutum tsoron abinci da tsoron ƙiba, kuma yana kisa.

"Tun yaushe bugun yake haka, Baba?"

"Wata biyar."

"Wa ya auna?"

"Ni."

Ta rubuta.

Christiana ta yi makonni a kwance kafin a mayar da ita gun iyayenta. Liyatu ta ce tana ci kaɗan-kaɗan, da kuka. Ta kuma gaya wa Baba, ba da niyyar cin fuska ba, cewa a watannin nan babu inda ƙanwarta ke jin daɗin zuwa kamar teburinsa, don shi kaɗai ne ba ya ce mata ta rame.

Baba yana nan a gindin darbejiya. Sikelin ya koma ƙarƙashin gado. Yanzu sau biyu yake auna mutum, a zaune da a tsaye, kuma ya daina ba da misali da kowa. Makon jiya tawa lambar ta sauka, karo na farko cikin shekara shida. Na jira yabo. Ya dubi tumbina, ya taɓa tafin hannuna, ya ce, "Me ka ci da safe?"

Na lissafa masa. Ya ce in sake faɗa.