Kabarin da Arlo Bai Gama Ba

Shekara arba'in da ɗaya Arlo Stensrud ya yi yana haƙa wa majami'armu kabari da shebur da diga, kuma a zamaninsa inji bai taɓa taka makabartarmu ba. Manomin alkama ne kamar kowa a wannan gefen na jihar Dakota ta Arewa a Amurka, dogo, mai ƙaton hannu, magana kuwa sai an matsa masa. Aji ɗaya muka zauna da shi, benci ɗaya a majami'a, kuma har yau in na zuba kofi da safe sai na kama kaina na ɗauko kofuna biyu.

Arlo bai iya wa'azi ba. Abin da ya iya na addini shi ne kwantar da mutum: kai yamma, ƙafafu gabas, domin ranar da Yesu zai dawo ya ta da matattu, kowa ya miƙe yana fuskantar sa. In wani ya ce, "Arlo, Ubangijin da zai ta da mutum ai ba zai kasa juya shi ba," sai ya ce, "Ba don Shi nake yi ba. Don kada bawan Allah ya buɗe ido ya ga gonar Duane ne, ya zaci wuta aka kai shi." Duane ni ne, gonata ce ta yamma da makabartar.

Matarsa Verna ta rasu a watan Janairu, a tsaye a kicin tana murza burodin dankali. Shekara hamsin da uku suna tare. Ƙasa a lokacin ta daskare har ƙafa biyar, don haka aka sa akwatinta a ɗan ɗakin bulo na bayan majami'a, inda matattun hunturu ke jiran ƙasa ta saki. A watan nan kuma likita ya gaya wa Arlo cewa ƙurar hatsi ta gama da huhunsa. Ƙila ya ga lokacin shuka, ƙila ba zai gani ba.

'Yarsu Janelle ta zo daga birnin Fargo ta zaunar da shi.

"Baba, akwai masu kawo murhun gas su gasa wurin kwana biyu, inji ya haƙa. Sati mai zuwa sai a binne Mama kana tsaye."

"Uwarki ba bututun ruwa ba ce da za a kira mata mai inji."

"To in ba ka kai lokacin da ƙasa za ta saki ba fa?"

"Na haƙa wa mutanen da ko gaisawa ba ma yi. Nata ne zan ba wani?"

Janelle ta yi kukanta ta koma aiki. Shi kuwa kullum da hantsi sai in kai shi makabarta a mota, ya sauko yana jan tukunyar iskar numfashinsa, ya share dusar ƙanƙara da ƙafa, ya caka rodin ƙarfe a wurin da ya zaɓa. Rodin ya yi ƙara kamar an bugi dutse. Ya ɗan tsaya a ƙofar ɗakin bulon, hularsa a hannu, sannan mu koma. Haka Fabrairu ta wuce, haka Maris. Yana ta ramewa har sai da ya huda sabon rami a bel ɗinsa.

Fasto Renae takan leƙo shi ranar Laraba. Majami'u uku take riƙe da su, tamu kuwa mu tara muka rage. Wata rana ina nan ta ce masa begen Kirista ba wani daɗi ba ne da ake ji a zuciya, jiran abin da aka yi wa mutum alkawari ne, ko da ranar ta yi nisa.

Arlo ya juya kofinsa, ya amsa.

"Fasto, mutum sama da ɗari biyu na sa a ƙasa. Duk na ce wa iyalansu za su sake ganin su, kuma har zuciyata nake faɗa. Yanzu da abin ya zo kaina, in na yi addu'a kamar ina magana ne a cikin rumbun da aka kwashe. Ba na jin Verna tana wani wuri. A ɗakin can take, cikin sanyi."

Fasto ba ta yi masa gardama ba. Ta kama hannunsa, ta yi addu'ar ita kaɗai, shi kuwa idonsa a buɗe. Ni dai na fita waje, don ban taɓa jin ya yi irin wannan maganar ba.

Bikin Ista ya zo da sabuwar dusar ƙanƙara. Sai ƙarshen Afrilu rodin ya shiga taki ɗaya. Washegari ya ɗauko shebur. Na ce ya ba ni.

"Kai da ko layin shuka ba ka taɓa miƙewa ba? Zauna can, tsoho, ka riƙe min tukunya."

Shebur biyar, ya huta. Shebur uku, ya huta. Kwana huɗu yana yi, ramin ya kai gwiwa, gefensa a miƙe kamar an ja da zare. Rana ta biyar shebur ya sake cin karo da ƙanƙara. Ya zauna a bakin ramin, leɓɓansa sun yi shuɗi, ya dube ni. Daga nan asibiti muka wuce.

Kwana uku bayan haka, ni da Janelle muna gefen gadonsa, ya zare abin numfashin daga fuskarsa.

"Ku kira mai injin."

Janelle ta sunkuyar da kai.

"Duane, ka tsaya a kansu. Masu ɗaukar akwatin nan na birni ba su san kai da ƙafa ba. Ƙafafunta gabas."

"Ai ka ce ba ka jin komai," na ce, don in ji ko wani abu ya dawo masa.

"Ban ce na ji ba. Cewa na yi ka juya ta."

Ranar Asabar aka binne Verna. Minti ashirin injin ya yi, ya rushe gefen da Arlo ya gyara. Na tsaya a kansu kamar yadda ya ce. Da yamma na koma asibiti na gaya masa an yi.

"Akwai ruwa a ƙasan?"

"A bushe yake."

Ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa bango. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Kwana tara ya ƙara, ya rasu ranar Litinin da azahar, hannunsa cikin na Janelle. Mu takwas muka raka shi.